Tiyatar Auta Mai Ɗinki

Shekara shida Auta ta yi tana ɗinki a karkace. Duk wanda ya leƙa shagonta zai tarar da ita ta ɗosana cinya ɗaya a bakin kujera tana taka keke, har a ɗauka salonta ne. Ita kaɗai ta san abin da ke ci mata rai. Wajen haihuwarta ta uku ta samu ƙari, leɓen gabanta na hagu ya warke a tsage, ya yi tsawo, kullum yana gogar wando. In ta yi awa biyu a zaune sai wurin ya kumbura, ya riƙa raɗaɗi kamar an barbaɗa barkono.

Mijinta, direban motar kaya, maganarsa ɗaya ce: "Ki je asibiti mana." Ta je har sau biyu. Duka biyun, tana zama gaban likita sai bakinta ya ce ciwon baya.

Yayarta, malamar makaranta, ita ta tsare ta. Ta zo karɓar riga ta tarar da ita a tsaye, ta dafa teburin yanka, hawaye na ɗiga a kan yadin mutane.

"Auta, ni fa na yi miki wanka kina jaririya. Me gare ki da ban taɓa gani ba?"

Auta ta rufe ƙofar shago, ta faɗa, idonta a ƙasa. Ranar Talata Yaya ta sa ta a gaba zuwa wurin likitar mata, ta zauna a bakin ƙofa kamar mai gadi.

Likitar ta duba ta, ta ɗauki biro ta zana abin a takarda. "Irin wannan duk mako sai na gani. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Zan rage abin da ke cutar da ke kawai, in daidaita gefen, in ɗinke. Sauran jikinki lafiyarsa ƙalau, ba ruwana da shi." Ba ta ɓoye mata komai ba: za a kumbura, jini na iya zuba, ciwon na iya ruruwa in ba a kula ba.

Auta ta daɗe tana kallon zanen. "Likita, da wane irin zare?"

"Mai narkewa da kansa."

"Ikon Allah! Da a shagona ne, da tuni masu kaya sun kore ni."

Mako biyu ta yi tana shiri. Aka gwada jininta. Likita ta hana ta ƙwayar ciwon jiki da take haɗiya kamar gyaɗa, wai tana tsinka jini. Ta gama kayan mutane kaf, ta ɗinka wa kanta riguna uku masu faɗi, ta tara ƙyallaye ta cusa wani matashi mai rami a tsakiya. Ran aikin ko ruwa ba ta sha ba. Da aka miƙo mata takardar sa hannu, sai ta ɗaga kai tana neman ƙofa.

"In kika gudu, ni zan kamo ki," in ji Yaya. "Sa hannu."

Ta sa. Aka yi mata allura, tana ƙirga fitilun silin, ba ta kai ta huɗu ba. Kafin la'asar tana gida, da gargaɗin likita: mako shida, komai a hankali.

Kwana ukun farko ta ji jiki. Tana kwance, matashi ƙarƙashin ƙugu, Yaya na naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta tana miƙo mata. Fitsari sai da butar ruwan ɗumi. Maigida ya ajiye mota ya shiga kicin, ya ƙona tukunya biyu. 'Yar autarta kuwa ta riƙa bin ta a baya tana kwaikwayon tafiyarta, wai Mama ta koma agwagwa.

A rana ta uku ta ɗauki madubi, abin da likita ta ce kada ta yi saurin yi. Wurin ya kumbura suntum, ya yi baƙi. Ta saki madubin ta fashe da kuka.

"Yaya, an ɓata ni! Da na haƙura da abina."

Yaya ta kira asibiti ta sa mata wayar a kunne. Nas ta tambaya: akwai zazzaɓi? Wari? Jini na zuba? Babu ko ɗaya. "To, Malama, ki ɓoye madubin nan sai bayan mako biyu." Yaya ta jefa shi a jakarta, ta tafi da shi gida.

Kumburin ya fara sacewa. Mako na biyu ta zagaya tsakar gida ba dafa bango. Na huɗu zaren ya ɓace. Na shida likita ta duba ta ta ce, "Kin warke sumul."

"Hannunki na da kyau, Likita. Ko tattara babu. In kin gaji da asibiti, akwai keke a shagona."

Ranar da ta buɗe shago ta zauna daram a tsakiyar kujera, ƙafa biyu a kan keke. Ta haɗa riga, ta haɗa siket, ta kama wata rigar. Sai da Yaya ta shigo bayan an tashi makaranta Auta ta duba agogo: awa biyar, ko sau ɗaya ba ta gyara zama ba.

Suna cikin hira hadari ya haɗo, ruwa ya ɓarke. Auta ta tuna labulen da wata mata ta kawo gyara, wanda ta wanke ta shanya da safe a tsallaken titi. Ta zabura, ta tsallake kwata da tsalle ɗaya, ta fizgo labulen, ta dawo a guje, jiƙe sharkaf.

Yaya ta riƙe baki. "Ke! Ba a hankali aka ce ba?"

"Mako shida aka ce, Yaya. Yau na bakwai."

Tana haki tana dariya, har sai da ta jingina da ƙofa.