Kifin Malam Kassimu

Shekara biyu a jere damina ta yi wa Gangara rowa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, rijiyoyin gari suka koma ba da laka, mata kuwa sai sun yi tafiyar rabin yini kafin su cika jarka ɗaya. Da labari ya zo cewa wata gidauniya ta buɗe ofis a Sabon Birni tana tallafa wa ƙauyuka, sai dattawa suka ɗora Malam Kassimu a kan babur, domin shi ne malamin Islamiyya, kuma ya taɓa boko har sakandare.

Ma'aikaciyar ofishin, Hajiya Fadima, ta saurare shi da ladabi har ya gama. Sannan ta ce shirin ruwa na bara ne, an rufe shi. Bana sana'a masu ba da tallafin suke so a koya wa mutane. Ta miƙa masa fom mai zaɓi uku: ɗinki, kiwon zuma, ko kiwon kifi.

Kassimu ya daɗe yana kallon takardar. Wanda bai ci ya ƙoshi ba ai ba ya ɗinka riga, ƙudan zuma kuwa sun riga mutane gudu.

"Hajiya, kifin ga, cikin mi za shi zauna?"

Ta ce a kwatamin siminti, kuma idan gari ba ruwa, gidauniya ke haƙa burtsatse ta sa tanki, domin yana cikin kayan aikin. Kassimu ya karɓi biro ya zaɓi kifi.

A gida Wakili, mai magana da yawun hakimi, ya ce an aiki malam neman ruwa ya dawo da miya. Da aka yi masa bayani sai ya riƙa cewa ai shawararsa ce. Aka kafa ƙungiyar masu kiwon kifi. Tunda gidauniya ta ce dole mace ta shugabanta, aka naɗa Nana Hauwa, wadda ko ƙarnin kifi ta ji sai zuciyarta ta tashi.

Aka haƙa burtsatse, ruwa ya fito garai-garai. Aka kawo 'ya'yan tarwaɗa daga Sakkwato. Ba a ce ba su yi ƙoƙari ba, amma abincin kifin ya ƙare cikin wata guda, kuma ba mai dusar da zai watsa a ruwa akuyarsa tana kallo. Yero makiyayi ya fara kawo shanunsa suna sha a kwatamin. 'Yan kifayen da suka rage aka dafa su a wani suna.

Da aka ji Fadima za ta zo duba aiki, Wakili ya ce a sayo tarwaɗa masu rai daga kasuwar Isa a zuba. Kassimu ya ƙi. Da ta iso ya tsaya gabanta, ga layin mata da jarkoki, ga shanu sun kafa baki a gidan kifi.

"Gaskiya za ni faɗa miki. Ruwa munka so, ba kifi ba."

Fadima ta leƙa kwatamin, ta dubi fom ɗin da ke hannunta. Ta ce ita dai abin da aka tambaye ta shi ne mutum nawa ke amfana da aikin. Ta sa aka lissafa mata gidajen Gangara da rugage uku, ta ɗauki hotuna ta tafi.

Bayan wata biyu takarda ta iso. A duk ayyukan kifi na gidauniyar ba wanda ya kai na Gangara yawan masu amfana, don haka ana gayyatar Malam Kassimu Sakkwato ya koya wa wakilan wasu ƙauyuka. Ya je, ya yi musu bayani kan zurfin rijiya da yadda ake tsara layi kada mata su yi faɗa. Aka tafa masa, aka ba shi takardar shaidar ƙwarewa a kiwon kifi. Matarsa Rahmatu ta ce a liƙa ta a zaure baƙi su gani, shi kuwa ya sa ta ƙarƙashin littattafansa ya tafi makaranta.