Bidon da Inna Laraba Ba Ta Buɗe Ba

Inna Laraba ba ta sha ruwan ba. Bido ne, jarkar ruwa, cike, Nomau ya naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu don ya yi sanyi, ya ɗaure shi daidai inda hannunta zai kai, amma daga Agadas har Timiya ba ta taɓa murfinsa ba.

Nomau mai gyaran injin ban ruwa ne. A Timiya yake zaune da matarsa Ramata, yana bin lambunan mutane da jakar ƙarafansa. Ramata na da tsohon ciki, kuma can baya duk abin da ta haifa bai zo da rai ba. Wannan karon ta ce ba ta son komai sai uwarta a gefenta. Uwar kuwa, Inna Laraba, tana Agadas kwance tun bara da ta faɗi ƙugunta ya karye. Ba ta zama, ba ta tashi sai an ɗaga ta. Maƙwabciyarta Nafi ke yi mata komai.

Motocin Timiya bisa kaya ake hawa, mai lafiya ma sai ya riƙe igiya da kyau. Hayar katkat guda, motar da ke iya ratsa rairayi, kuwa sai masu zinariya. Shi ne Nomau ya sauko Agadas ya ce zai ƙera mata ɗan ɗaki mai taya, ta kwanta a ciki, a ja ta bayan mota.

Abokinsa Alkasum na da tsohuwar katkat da yake kai taki da esansi, wato man fetur, Timiya, ya dawo da lemu da albasa. Ya ce zai ja kyauta, amma kada a hana shi dariya. A farfajiyar gidansa aka yi aikin.

Babu sabon abu ko ɗaya a jikin ɗakin. Ƙarfen tayoyin na amalanken jaki ne. Ƙasan kuwa gadon ƙarfe ne da wani ya jefar bayan tasha. Tayoyin biyu ba iri ɗaya ba, ɗaya ta fi ɗaya tsayi kaɗan, abin ya riƙa tsayawa a karkace. Taga gilashin wata matacciyar mota ce. Nomau ya lulluɓe cikin da tabarmar kaba don zafi, ya ɗinka aljihu a jiki na sa carbi da goro. Kowace safiya Alkasum zai fito da shayinsa ya zagaya abin, ya tambaya yaushe za a zuba kajin. Daga baya ya raɗa masa suna otel ɗin surukai, har masu wucewa suka ɗauka.

Da farko ɗakin mutum biyu Nomau ya zana a ƙasa da tsinke, don Nafi ta shiga tare da tsohuwar. Sai tol ɗin, fallen kwanon da ya samo daga rufin wani rusasshen shago ya kasa. Ko ta ina ya juya shi, faɗin katifa ɗaya yake bayarwa. Alkasum ya ce a bari ya je ya dawo, ba za a rasa wani fallen ba. Nomau ya ce cikin Ramata ba zai jira tafiyarsa da dawowarsa ba, ya ɗauki almakashin ƙarfe ya yanke. Gaban motar kuma mijin Nafi ya ce matarsa ba ta zama tsakanin maza biyu.

Ranar da aka gama, Nafi ta leƙa ciki, ta yaba, sannan ta ja shi gefe.

"Malam Nomau, in ta so kewayawa fa, wa zai ɗaga ta?"

Nomau ya dubi ƙasa. Ya ce wuni guda ne, kafin la'asar Ramata ta karɓe ta.

Ba don bai yi tunanin abin ba. Ya yi, bakinsa ne ba ya iya ɗauka. Tun da ya auri Ramata bai taɓa duban fuskar Inna Laraba ba, bai taɓa cin abinci a gabanta ba. A ƙofar ɗaki yake tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, ita ma ta amsa fuskarta na bango. Mutane har misali suke yi da kunyarsu. Ko da mata suka ɗauko ta za su sa ta a ɗakin, zagawa ya yi bayan mota yana duba igiyar da ba ta kwance ba.

Lokacin zafi ne. Suka fita bayan sallar asuba, kafin hantsi ba a iya taɓa tol da hannu. Duk inda suka tsaya Nomau zai je ya durƙusa jikin taya, ba ta wajen taga ba.

"Inna, ya hanya?"

"Lafiya lau. Allah shi yi albarka."

"Akwai ruwa nan wajen hannunki."

"Na gani."

A cikin wani kori, busasshen rafi mai rairayi, gajeriyar tayar ta fashe. Ba su da ta canji, don ba a samu ta uku ba. Suka yi ta faci yana sakewa, da suka samu ya riƙe sai motar ta nutse cikin rairayi. Wunin da Nomau ya yi wa Nafi alkawari ya ƙare suna haƙa da hannu. A can suka kwana.

Washegari suka iske wata rijiya, mata na shayar da awaki. Alkasum, wanda tun jiya ya daina kiran otel, ya ce a roƙi ɗaya daga cikinsu ta leƙa tsohuwar. Nomau ya je jikin taya ya durƙusa, ya kewaya maganar iya kewayawa, ya ce ga wasu mata ko tana da bukata. Muryar ta fito siririya, ta ce babu komai, kada a wahalar da mutane, a dai kai ta wajen yarinyar. Nomau ya ji sanyi a ransa da wannan amsar. Ya dawo ya ce ta ce lafiya.

"Ka buɗe ka gani da idonka," in ji Alkasum.

"Kai ka buɗe."

Alkasum ya ce surukar abokinsa uwarsa ce shi ma, ya shiga mota ya tayar.

A tsayawar ƙarshe, inda aka fara hango dabinon Timiya, gaisuwar ba ta samu amsa ba sai wani ɗan nishi. Nomau ya ce barci take.

Ramata ce ta buɗe ƙofar, da cikinta a gaba, tana dariya tana kiran Inna. Dariyar ta tsaya. Leɓunan tsohuwar sun tsage, idanunta sun faɗa, carbin na naɗe a yatsunta. Katifar a bushe take ƙaf, zanen a gyare kamar yadda Nafi ta shimfiɗa shi. Ramata ta kai hannu ga bidon za ta ba ta, nauyinsa ya rinjaye ta. Ta daɗe tana riƙe da shi kafin ta juyo ga mijinta.

"Ina za ta sha, in ta so kewayawa kai ne a waje?"

Majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya yi ta neman jijiya ya sa wa tsohuwar ruwa. Ya ce ƙodar ta riga ta tsaya. Inna Laraba ta farfaɗo sau ɗaya, ta shafa cikin ƴarta, ta tambaya ko an ba mutanen abinci, sun sha wahalar hanya. Da aka ce Nomau na bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ta rasu washegari kafin azahar. Nomau na cikin waɗanda suka sa ta a kabari, karo na farko ke nan da hannunsa ya ɗaga ta.

Ramata ta haihu a satin, ƴa mace, da ranta. Wata maƙwabciya ce ta riƙe mata hannu.