Ɓerayen Inna Kubura

Kejin ƙarfen yana nan a bayan rumbu, ya yi tsatsa, kaji sun mayar da shi akurki. Dakta Mashkura ta zo Kaoje addu'ar arba'in ta mahaifiyarta, Inna Kubura. Tana ganin kejin ta tsaya cak.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Lokacin tana digiri na biyu, ta yi wa fararen ɓeraye ashirin tiyata, ta cire kashi biyu cikin uku na hantar kowanne, don hanta tana sake tofowa. Abin da take son sani ɗaya ne: in an zuba nukiliyotaid a abinci, wato sinadarin da jiki ke gina sababbin ƙwayoyin halitta da shi, tofowar za ta fi sauri? Ta raba kejin biyu: goman dama za su ci mai sinadarin, goman hagu su ci wanda babu.

Kwana biyu da tiyatar aka shiga yajin aiki, aka garƙame jami'a. Ta kinkimo kejin a mota zuwa Bagudo, daga nan a bayan babur har ƙofar gida. In aikin nan ya lalace, shekararta guda ta tafi a banza.

"Ɗiyan mutane na kawo tsarabar atamfa daga binni," in ji Inna, ta riƙe haɓa, "tawa ta kawo mani masu huda buhu."

"Inna, don Allah kada ki ba su komi. Na dama su ka cin mai magani, na hagu ba su ci."

"Mi na hagun sunka yi miki?"

"Haka binciken yake."

"Binciken rashin imani dai."

Rana ta goma Mashkura ta ciro hantocin ɓerayen, ta auna su a ɗan sikelinta. Ta sake aunawa. Na hagu sun kusa kamo na dama. Tana kwashe dusar katakon da ke ƙasan kejin sai ga ƙayar kifi, duk a ɓangaren hagu.

"Inna!"

Inna ba ta ko ajiye faifan da take sheƙar shinkafa da shi ba. "Kihi ne ɗan kaɗan, busasshe, na daka musu. Kin yanke su, sannan ki hana su abin kirki? A gidanga ba a ba wani, wani na kallo."

"Kifi cike yake da sinadarin nan! Kin kashe ni, Inna!"

"Ga ki tsaye kuwa."

Kwana uku Mashkura ba ta ci tuwon gidan ba. Da aka buɗe makaranta, ta zauna gaban malaminta, Farfesa Abdulrashid, ta faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau.

"Shekarar kam ta tafi, Mashkura. Za ki sake daga farko. Amma wannan karon rukuni uku za ki yi. Na ukun su ci kifin mahaifiyarki, mu gani."

Ta sake. Duk wata sai wani direban Bagudo ya kawo mata gwangwanin garin kifi ɗaure da leda, da saƙon baki wanda bai taɓa canzawa ba: Inna ta ce a ba kowa. Mashkura ba ta taɓa bin umarnin ba, ba ta kuma taɓa gaya wa Inna ba.

"Yaya," ƙaninta Muktar ya katse mata tunani, "masu sayen tsohon ƙarfe na son kejin ga. In ba su?"

"Bar shi."

Ta shiga rumbu ta ɗebo tsabar shinkafa cike da hannu biyu. Kajin suka taso a guje. Ta watsa wa na dama, ta juya ta watsa wa na hagu, ta tsaya har sai da ta ga kowacce ta samu.