Takardun da Inna Ta Kai Teku

Ranar wata Talata ce cikin watan Janairu, hadari ya rufe Iskandariyya ruf. Tun hantsi ake tafka ruwa, iska na turo teku har kan titi, masunta duk sun janye kwale-kwalensu tudu. Ni kuwa ina shagon Kawu Shahata ina naɗe wa mutane ƙosai a takarda.

Aikina na biyar ke nan tun da na bar makaranta ina ɗan shekara goma sha huɗu. Na yi faci, na raba shayi, ko'ina ba na cika wata uku. Shagon nan kaɗai na daɗe, saboda takardun. Kawu Shahata kan sayo tsofaffin littattafai a buhu, mu yayyage mu naɗe ƙosai. A nan na yi karatuna. Sai in kama labari, daidai inda mace ta buɗe ƙofa, in tarar shafi na gaba ya tafi da ƙosan wani.

"Kai shehin malami, mutane na jira!" in ji Kawu. "In ka gama digirin ka miƙa wa bawan Allah abincinsa."

Haushin labaran da ba su da ƙarshe ya sa na fara ƙarasa su da kaina, a bayan takardun da ba rubutu. Daga baya na samu abin rubutawa na gaske. Mahaifina, Rayyis Gabir, masunci ne, ciwo ya kwantar da shi wata takwas. Da safe in Inna ta tafi kasuwa sayar da kifi, sai in zauna gefensa yana ba ni labaran teku ina rubutawa.

"Rubuta da kyau, ɗan banza. Kifin ya fi ƙofar nan tsawo."

"Baba, jiya ka ce bai wuce hannunka ba."

"Jiya ba na jin daɗin jikina. Kuma kada ka gaya wa uwarka, cewa za ta yi ƙarya nake. Ka bari sai rubutun ya kammala ka karanta mata gaba ɗaya, ta san wanda ta aura."

Ya rasu ban kammala ba. Na ci gaba ina gyara, ina tarawa a kwali ƙarƙashin gado. Inna ba ta karatu. Abu ɗaya take ganewa a rubutu, sunan Allah. In ta ga takarda a titi sai ta ɗauka ta sumbata ta cusa a tsagar bango. Ita ce ta ce mini, "Ko wane shirme kake rubutawa, ka sa Bismilla a samansa." Na bi maganarta, kowane shafi.

Ran nan da azahar Kawu ya rufe shago ya ce kowa ya je ya duba gidansa. Ban je ba. Ƙafata ta ja ni bakin gaɓa, na tsaya kallon igiyar ruwa tana dukan bango, wai ina neman yadda zan siffanta ta a babin ƙarshe. Sai la'asar na isa unguwa. Kwata ta cika ta yi amai, baƙin ruwa mai wari ya shiga ɗakunan ƙasa har ƙwauri.

Na tarar da Inna tana kwarfe ruwa da kwano. Na leƙa ƙarƙashin gado, wayam.

"Inna, ina kwalina?"

"Sai yanzu ka ga damar zuwa, sarkin yawo? Ai ka gode mini, na ɗauke maka zunubi. Sunan Allah kwance cikin najasa, shafi bayan shafi! Na so in ƙona, sun jiƙe ba su kamawa. Na ɗora a ka na kai teku, can ruwa mai tsarki ne."

Ta ɗaga zanenta ta nuna mini gwiwarta, ta faɗi a hanya ta kurje. Takardun nan kuwa da biro na rubuta su, da an shanya su da sun karantu.

"Me ke ciki ne, ɗana? Na ga ka yi wani iri."

"Ba komai, Inna. Shirmen nan ne dai."

"To ai kai ka rubuta, ka sake wani."

Na karɓi kwanon na ci gaba da kwarfa.

Na gwada sakewa, sau da yawa. Labaran ina tuna su, amma duk wanda na sa a takarda sai in ji ni ke magana, ba Baba ba. Inda yake tsayawa ya yi tari, da zagin da yake saƙawa a tsakiya, sun tafi.

Abin da ruwan ya ci mana: katifa ɗaya, buhun shinkafa rabi, takalman Baba da Inna ta adana. Sai shafi ɗari da arba'in da uku, labari goma sha tara, da karatun da aka ce in yi wa Inna.