Fatar Beyar Ɗin da Gedion Ya Harbe

Duk gaɓar gabashin Girinlan, ƙasar ƙanƙara, babu maharbin da ya kai Gedion, shi ma ya sani. Farin beyar ya taɓa yage masa kafaɗa, ƙanƙara ta taɓa tsagewa da shi da karnukansa, ga shi nan da furfura yana taka ƙasa. Wandonsa na fatar beyar ne kawai ya gaji, gwiwa waje, ga sanyi ya kawo kai.

Wata safiya shi ya fara hango wani beyar, kwance bakin ramin ƙanƙarar da dabbar ruwan nan, karen teku, ke leƙowa shan iska. A al'adarmu wanda ya fara gani ya ƙwala kira, fata tasa ce, ko wa ya harba. Gedion bai kira ba. So yake ya dawo da shi shi kaɗai, yaran zamani su ji kunya. Yana cikin lallaɓawa sai Tomasine, matar marigayi wansa, da ta fito zubar da ruwan wanki, ta hango beyar ɗin, ta ƙwala kira har duwatsu suka amsa.

Harbi ɗaya ya kayar da shi. Kafin ya gama fiɗa ta iso da jama'a.

"Naɗe mini fatata, ƙanin miji."

"Fatarki? Ke da ba ki bambance beyar da tudun ƙanƙara? Kina barci na gan shi."

"Wa ya ji bakinka?"

"Ina ruwana da kunnuwanku? Dubi kafaɗata. Wannan hannun ne ya ciyar da ku shekarar da teku ta ƙi daskarewa."

"Mun gode. Amma da ya juyo cikin gari, shirunka ne zai tsare mana yara?"

Ya dubi mazan, kowa ya sunkuyar da kai. Shi da kansa ya koya musu dokar nan, har da zagi.

Ya naɗe fatar, gashin a ciki, ya jefa gabanta. Hantar da ko kare ba a ba saboda dafi, ya yi wurgi da ita cikin teku kamar ita ta yi masa laifi. Ya saɓa cinyar beyar ɗin, rabonsa na maharbi, ya wuce.

"Kawo tsohon wandon in yi maka faci," in ji Tomasine.

Bai waiwaya ba. Haka ya ƙare sanyin bana, gwiwa waje.