Takardar Gwajin Jinin Vicky

A cocinmu da ke unguwar Television ba a ɗaura aure sai an kawo wa dattawa takardar gwajin jini, idan kuma duka biyun AS ne, babu aure. Ni Damaris ce ma na fi kowa ɗaga murya ranar da aka kafa dokar. Na miƙe na ce duk wanda bai taɓa jinyar ɗan sikila ba ya ja bakinsa ya yi shiru. Ina da bakin magana kuwa. Ni da mijina Ezekiel duk AS ne, ba mu sani ba sai da muka haifi Sam, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana kukan ciwon ƙashi kafin muka binne shi.

To, ga shi dokar ta zagayo ta faɗo kan 'yata.

Vicky kaɗai ta rage mini. Ɗinki take yi a Mahuta. Shekara uku Derrick, wani malamin makaranta daga Nasarawa, yana nemanta. Mutum ne mai kunya, ko ruwa ka ba shi sai ya yi godiya sau biyu. An kai gaisuwa, an sa rana, mata har sun yanki anko. Sai gwaji ya fito, ita AS, shi ma AS. Ina tuyar masa a bakin kasuwa ta kawo mini takardar, ina kallo masar ta ƙone a tanda na kasa juya ta.

Washegari sai ga Celina, shugabar Zumuntar Mata. Ita dai Celina ba ta taɓa rasa labarin wata a wani coci ba.

"Haba Maman Vicky, me ya gagari Allah?" in ji ta. "A cocin ƙanwata an yi wa wata azumi, jininta ya juye ya koma AA. Da bakinta ta ba da shaida!"

Na ce, "Kin ga takardar da idonki?"

"Ke dai ki ba da gaskiya."

Ta sa azumin kwana bakwai, daga shida zuwa shida. Kullum ƙarfe huɗu mata takwas sukan taru a tsakar gidana, a shimfiɗa takardar a kan tebur, kowa ta ɗora hannu, Vicky na durƙushe a tsakiya. Da yake ni ce mai jan addu'a a Zumunta, ni ke rufewa. Ranar farko na rufe yadda na saba shekara da shekaru, na ce, "Amma ya Uba, a yi nufinka, ba namu ba."

Bayan mata sun watse Vicky ta biyo ni madafa.

"Mama, don Allah ki daina faɗin wannan."

"Wanne?"

"A yi nufinka. Duk sanda kika faɗa, ji nake kin riga kin sallama. Ki roƙa mini abin da nake so mana, ko sau ɗaya."

Raina ya ɓaci, na kusa ce mata ba a koya wa kaka cin tuwo. Sai na ga idanunta sun kumbura, na haɗiye maganar.

Kwana shida ina roƙon a juya jini. Ina ɗaga murya, mata na amsa amin har maƙwabta suna leƙe. Amma gaskiya ɗaya ce, bakina daban, zuciyata daban. A ciki cewa nake, Ubangiji, ka cire mata mutumin nan daga rai, kada ta ɗauki abin da na ɗauka. Sai in buɗe ido in gan ta tana hawaye tana cewa amin, in ji kamar na saci kayan 'yata. Na rasa wadda Allah yake saurara a cikin addu'o'in nan biyu, kuma tsoro nake ji ko wacce ya amsa.

Rana ta takwas muka shiga Keke Napep mu uku, ni da Vicky da Derrick, muka tafi wani ɗakin gwaji daban, don Celina ta ce wai na'urar farko ce mai matsala. Matar da ta miƙo sakamakon ta dube ni da tausayi.

"Mama, ko sau goma za a gwada, abin da zai fito ke nan."

Derrick ya zauna kan benci ya riƙe kai. Daga nan muka wuce wurin Fasto. Bawan Allah bai yi doguwar magana ba. Ya ce kowane ciki za a iya samun sikila, kuma dokar ba tasa ba ce shi kaɗai. Bai dube ni ba da ya faɗi haka, na kuwa gode masa.

A hanya Derrick ya ce idan Vicky ta yarda, za su ɗaura a kotu. Idan ba ta yarda ba, zai nemi canjin wurin aiki ya bar garin. Ya rako mu gida, ya tsaya a ƙofa cikin rana yana jiran amsa, ya ƙi shigowa.

Vicky ta zauna a bakin gadona.

"Mama, da an gwada ku ke da Baba, da an hana ku ko?"

"Da an hana."

"Da Sam bai sha wahala ba."

"Haka ne."

"Da ni ma ba a haife ni ba. To ni fa, nufin Allah ce, ko kuskure ce?"

Ta zame ƙasa ta ɗora kai a cinyata.

"Yana jira, Mama. Ki yi mini addu'a."

"Me zan roƙa, Vicky?"

"Ban sani ba. Ke ce mai addu'a."

Na ɗora hannu a kanta, na rufe ido, na ce, "Ya Uba." Na sake cewa, "Ya Uba." Tana jiran sauran, ni ma ina jira.