Mutumin da ke Gefen Tudu

Autarsu ce ta koya wa Nas shiga kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya gyarawa. Abu na farko da ta nema shi ne tudun kaburburan mutanen da, wanda mijinta ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haƙa a gindinsa. Sai ga layi uku kacal, biyu daga ciki ma shirme. Wai tudun jujin wani tsohon gari ne. Ranta ya ɓaci har ta manta da shayinta ya huce.

Malam, mijin nata, yana zaune bakin taga yana ninke hankici yana warwarewa. Ya koyar da tarihi har gashinsa ya yi fari, kullum kuma littafin da zai rubuta a kan tudun na nan tafe: bayan jarrabawa, bayan yara sun gama makaranta, bayan ritaya. Ritayar ta zo, ciwon mantuwa ya biyo ta a baya. Takardunsa kuwa gara ta yi bikinta a kansu a ɗakin ajiyar jami'a. Abin da ya rage yana cikin kan Nas, wadda ta sha labarin tudun safe da yamma har ta taɓa ce masa in ya sake ambaton tukunya za ta koma kwana a asibitin da take aikin jinya.

Ta zauna ta rubuta da yatsu biyu. Yadda aka kwantar da mamatan a gefe ɗaya, gwiwoyi a naɗe, fuska na kallon rafi. Yadda ake kife tukunya a wajen kai. Yadda aka sa yara a can sama, kusa da iska. Ta gama ta ji wani sanyi a ranta da ta daɗe ba ta ji ba.

Kashegari babu ko ɗigo. Wani edita ya share duka, ya bar mata saƙo a shafin tattaunawa: "Sannu da ƙoƙari. Ina madogara?"

"Mijina ne ya haƙa wurin da hannunsa," ta rubuta.

"Na yarda da ke, Mama. Amma nan ba a karɓar abin da aka ji daga baki, sai wanda aka buga a littafi ko mujalla. Ki ce masa ya wallafa."

Ki ce masa ya wallafa! Ta dubi Malam, yana ƙoƙarin sa takalmin dama a ƙafar hagu. Ta laƙaba wa editan suna Mai Tsintsiya, ta yi ta masa masifa ita kaɗai a kicin. Amma mutumin ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi ba ta haushi. Shi da kansa ya dawo ya ce akwai abu ɗaya da ba ya bukatar littafi: hoton da ta ɗauka da hannunta.

Ranar Asabar ta sa Malam a mota. Tudun na nan bayan gonaki, ciyawa ta rufe shi, awaki na kiwo a kai. Ta ɗaga waya, sai ta tuna ƙa'idarsa. Malam bai taɓa ɗaukar dutse ko rami shi kaɗai ba. Dole a tsayar da mutum a gefe don a gane girman abin. Rabin hotunanta na ƙuruciya haka suke, tana tsaye kamar sanda kusa da wani rami, tana hararar kyamara.

"Malam, zo ka tsaya nan. Kar ka motsa."

Ya tsaya, hannuwa a gefe, kamar yadda yake sa ta yi. Ta ɗauka. Sai ya waiwaya ya ƙura wa tudun ido.

"Baiwar Allah," ya ce, "wannan mene ne?"

Ta riƙe hannunsa suka zagaya. Ta gaya masa zancen gwiwoyi da rafi da tukunyar da ake kifewa. Yana saurare yana gyaɗa kai, fuskarsa ta yi haske irin na da.

"Kai, kin san abu! Wa ya koya miki?"

"Wani malami ne."

"To ki ce masa ya rubuta," in ji shi, yana kaɗa mata yatsa. "Irin wannan ba a barin sa a baki. Ɓata yake yi."

Ta ce za ta gaya masa. A mota ta yi kuka sosai, shi kuwa ya miƙa mata hankicinsa a ninke, don ba ya son ganin baƙuwa tana kuka.

Da yamma ta ɗora hoton. Mai Tsintsiya ya karɓa, har da godiya, ya kai shi saman maƙalar. Layukan nan uku suna nan yadda suke. A ƙarƙashin hoton ya rubuta bayani gajere, kuma ba ta da madogarar da za ta gyara shi: "Tudun daga gabas. Wani mutum na tsaye a gefe don a gane girmansa."